Ranar da rumbun Kakana ya koma bushiya

Da fatan karatu yana tafiya daidai, kuma 'yan aji uku na babbar sakandare sun fara rage kallon ƙwallo, don jarrabawa ba ruwanta da ko Barcelona ta ci ko an ci ta.

A makon jiya wata ɗaliba 'yar aji biyu daga Tudun Wada ta aiko mini da tambayar da ta fi ƙarfin amsar layi biyu. Ta ce ta fara koyon rubuta manhaja a wayar yayanta, amma duk sanda abin da ta rubuta ya ƙi aiki sai ta ji kamar ita ce ba ta da kai, har ta fara tunanin haƙura. Ƙanwata, dakata tukuna. Bari in ba ki labarin abin da ya same ni a hutun da ya wuce, in kin gama karantawa sai ki yanke shawara.

Malaminmu na jami'a ya ba mu aiki mai maki 30, ya ce a kawo ranar da aka dawo hutu. Kowa zai rubuta manhajar da za ta buɗe fayil mai ɗauke da siffar wani abu, ta zana shi a allon kwamfuta yadda mutum zai iya juya shi ya ga gabansa da bayansa da samansa. Shi ne abin da kuke ji ana ce wa 3D, irin na wasannin waya da finafinan katun: siffa mai tsawo da faɗi da kauri, ba hoto shimfiɗaɗɗe ba. Akwai manhajojin da wasu suka riga suka rubuta masu yin wannan aiki a 'yan layuka kaɗan, irin su three.js, amma malam ya ce ba ya son ganinsu. Da hannunmu za mu rubuta, da yaren JavaScript, a buɗe a burauza.

Abokaina suka zaɓi mota da kofi da kujera. Ni kuwa rumbun Kakana na zaɓa. Gidanmu na asali yana wani ƙauye a ƙaramar hukumar Kiru, ba nisa da Kafin Maiyaki, kuma a tsakar gidan akwai rumbun ƙasa, irin wanda wasu ke ce wa rufewa, da marigayi Kakana ya gina da hannunsa tun babana yana yaro. Yana zaune a kan duwatsu, yana da jinka, da 'yar taga kusa da sama, da matakai uku na ƙasa da aka manna a jikin bango don mai hawa ya taka. Yanzu ba a zuba komai a ciki. Dawa da masara a buhu ake ɗura su a jibge a ɗakin kwano, kuma Baffana ya riga ya ce bayan girbin bana zai rushe shi ya yi wa ɗansa ɗaki a wurin. Ban ga laifinsa ba, gida ya cika. Amma na so a ce ko bayan an rushe, akwai inda za a buɗe a gan shi a tsaye.

Na auna shi da tef ɗin ɗinkin Gwaggo, na rubuta awon a bayan littafi, sannan na ƙera shi a Blender. Blender manhaja ce ta ƙera siffofi, kuma kyauta ce. Wani mutumin Holan mai suna Ton Roosendaal ne ya fara ta, kuma a 2002 masu amfani da ita suka yi karo-karon Yuro 100,000 aka fanshe ta daga hannun masu jari aka sakar wa duniya. Rumbu ya fito tsaf a cikinta, har da matakan. Na fitar da shi a fayil irin wanda ake kira OBJ. Saura kawai tawa manhajar ta karanta ta zana. A lissafina aikin yini ɗaya ne. Kwana tara ya ci.

Sai kun san abin da ke cikin fayil ɗin kafin labarin ya yi muku daɗi. Wani kamfanin Amurka, Wavefront Technologies, ya fito da tsarin OBJ, kuma abin da ya sa ɗalibai ke son sa shi ne rubutu ne zalla, ko da Notepad za ka buɗe ka karanta. Babu hoto a ciki ko ɗaya. Ku tuna yadda magini yake yi idan zai fitar da harsashin gini: ya kafa turaku a ƙasa, sannan ya ce wa yaronsa ya ja igiya daga wannan turke zuwa wancan. To haka fayil ɗin yake. Ga mafi ƙanƙantarsa:

v 0 0 0
v 1 0 0
v 0 1 0
f 1 2 3

Kowane layi mai farawa da v turke ne, lambobi ukun da ke gabansa kuma wurin da aka kafa shi: x da y da kuka sani a darasin garaf, sai z da aka ƙara don abu ya samu kauri. Layin f shi ne igiya. Yana cewa a haɗa turke na 1 da na 2 da na 3, a shafe tsakaninsu da launi. Alwatika ɗaya ke nan. Kusan duk abin da kuka taɓa gani a wasan waya, daga fuskar ɗan ƙwallo har motar tsere, tarin ƙananan alwatika ne, dubbai a jere. Me ya sa alwatika? Dalilin da ya sa murhu yake da duwatsu uku. Tukunya ba ta rawa a kan uku; da an ƙara na huɗu sai a fara neman abin tokarewa. Ɗigo uku kullum suna kwanciya a shimfiɗa ɗaya, shi ya sa kwamfuta ba ta ruɗewa wajen shafe tsakaninsu. Bangon rumbuna da ido ke gani kewayayye, a gaskiya ɓangarori 32 ne miƙaƙƙu da aka jera gefe da gefe.

Na rubuta manhajar a dare ɗaya, layi ɗari da 'yan kai. Na danna. Allo ya yi baƙi ƙirin. Babu rumbu, babu kuma saƙon kuskure ko ɗaya. Wannan ya fi ciwo, domin idan kwamfuta ta yi ƙorafi aƙalla ta nuna maka layin da za ka duba. Nan kuwa shiru ta yi, kamar ta gama aikinta tana jiran tukwici.

Abin da na yi a kwana uku na farko ina jin kunyar faɗarsa, amma don shi na ɗauko labarin. Canki-canka na riƙa yi. A cikin manhajar akwai abin da muke ce wa kyamara, wato wurin da aka ƙaddara mai kallo yana tsaye. In matsar da ita baya, in danna. In canza launi, in danna. In kwafo wani layi daga intanet wanda ban san aikinsa ba, in liƙa, in danna. Wani lokaci in canza abu huɗu a tare, ta yadda ko ɗaya ya yi daidai sauran ukun sun ɓata shi. Ga shi ƙauyenmu babu wutar lantarki, batirin kwamfutata kuma tsoho ne, awa ɗaya da rabi yake yi ya mutu. Kullum sai na hau keke na kai ta shagon caji a Kafin Maiyaki, in zauna a benci in jira. A rana ta uku har na fara shirya ƙaryar da zan yi wa malam.

A kan wannan benci na samu mafita. Kusa da shagon akwai mai gyaran babur. Wani ya turo masa babur ya ce ya ƙi tashi. Bakanike bai kwance inji ba, bai canza komai ba. Ya zare tiyon mai, ya ga fetur yana zuba. Ya kwance fulogi, ya ɗora shi a jikin inji, ya ce wa mai babur ya taka kik, shi kuma ya sunkuya yana duba ko zai ga tartsatsin wuta. Bai gani ba. A cikin minti biyu ya raba matsalar gida biyu, ko mai ko wuta, ya yar da rabi. Ni kuwa kwana uku ina zagaya nawa babur ɗin ina goge masa madubi.

Manhajata ma gida biyu ce: ɓangaren da ke karanta fayil, da ɓangaren da ke zane. Da na koma gida sai na cire mai karatun gaba ɗaya, na rubuta turaku uku da hannuna na miƙa wa mai zane kai tsaye. Jar alwatika ta bayyana a tsakiyar allo. Ban taɓa murnar ganin alwatika haka ba. Ke nan mai zane lafiyarsa ƙalau, kyamarar da na yi ta wahalarwa ba ta da laifi. Ɓarawon yana ɗaya ɗakin.

Na mayar da mai karatu, na sa manhajar ta rubuto mini lambobi goma na farko da yake miƙa wa mai zane. Ga abin da ya fito: NaN, NaN, NaN, har goma. A JavaScript wannan yana nufin "wannan ba lamba ba ce". Sai a lokacin na buɗe fayil ɗin rumbun na duba da idona, abin da ya kamata in yi tun ranar farko. Na gangara wajen layukan f, na ga ba su yi kama da na misalin da na koya ba. Irin wannan ne:

f 1/1/1 5/2/1 7/3/1 3/4/1

Ashe Blender takan rubuta abu uku a kowace kusurwa, ta raba su da karkatacciyar sanda: lambar turke, sai lambar wurin da za a liƙa hoton ado a jikin abin, sai lambar da ke nuna inda fuskar take kallo don lissafin haske. Manhajata ta ɗauki 5/2/1 dunƙule guda ta ce a mayar mata da shi lamba. JavaScript kuma yare ne mai kawaici, ba ya son kunyata mutum. Maimakon ya tsaya ya yi ihu, sai ya rubuta NaN ya wuce. An aiki mai zane ya ja igiya zuwa turken da ba shi da wuri, sai bai ja komai ba. Gyaran layi ɗaya ne: a yanka a kan sandar, a ɗauki lambar farko.

Masu wannan sana'a da Turanci kwaro suke kiran irin wannan kuskure, kuma akwai labarin da suke son bayarwa. Ranar 9 ga Satumba 1947, a Jami'ar Harvard ta Amurka, wata ƙatuwar kwamfuta mai suna Mark II ta ba da matsala. Ma'aikatanta, waɗanda Grace Hopper take cikin ayarinsu, suka bi ta ɓangare-ɓangare har suka tarar da kwaro na gaske, irin mai fiffiken nan da ke zagaya fitila da dare, ya maƙale a wani makunni. Suka ciro shi suka liƙa a littafin aiki da salatif, kuma littafin yana nan a gidan tarihi na Smithsonian a Washington. Ba daga ranar kalmar ta samo asali ba, don Thomas Edison ya yi amfani da ita a wata wasiƙa tun 1878. Su dai sun yi sa'a, nasu kwaron daga waje ya shigo. Nawa ni na ƙyanƙyashe shi.

Na gyara, na danna, sai ga abu ya fito. Amma ba rumbu ba. Wani dunƙule ne mai ƙayoyi ta ko'ina, dogayen alwatika sun soke juna, wasu sun taso daga gindi sun ƙare a tsinin jinka. Kakata, wadda muke kira Iya, tana zaune a tabarma tana ɓarar gyaɗa. Ta leƙo ta ce, "Maigida, duk sintirin nan da kake yi da keke, ashe bushiya kake zanawa?" Yara suka kwashe da dariya. Har na baro gidan, in sun gan ni da kwamfuta sai su ce ina bushiya ta kwana.

Wannan karon ban yi canki-canka ba, ko da yake hannuna ya yi ƙaiƙayi. Rumbun yana da turaku ɗaruruwa, ba zan iya bin su da ido ba. Ina bukatar abin da na san amsarsa tun kafin in tambayi kwamfuta. Na gaba da mu ma haka suka yi. A 1975 Martin Newell na Jami'ar Utah ya auna butar shayin gidansa ya mayar da ita lambobi, ta zama abin da masana suka yi shekaru suna gwada sababbin manhajojinsu a kai, don kowa ya san kamannin buta, in ta fito a karkace za a gani. Ni buta ta yi mini girma. Siffar ƙwayar ludo na ɗauko: kusurwa takwas, fuska shida, babu gardama. Na fitar da irinta daga Blender na ba manhajata. Ita ma ta fito a murɗe. Na ce alhamdu lillahi, domin yanzu kuskuren ya shigo inda zan iya kama shi da biro.

Na gama kwafe layuka takwas na v da shida na f a takarda ke nan batir ya mutu, kuma mutuwar tasa ta yi mini rana. Na zauna a gindin rumbun na gaske na mai da kaina kwamfuta. Na zana gidaje takwas, na zuba turaku a ciki ɗaya bayan ɗaya kamar yadda manhajar take yi, na sa wa gidajen lamba kamar yadda JavaScript yake sawa. A nan abin ya fito fili. Fayil ɗin OBJ yana ƙirga turakunsa kamar rajistar aji, na farko shi ne lamba 1. JavaScript kuwa, da Python da C da yarukan manhaja da yawa, kamar rula suke ƙirga, daga 0 ake farawa. Gidajena takwas sun tashi daga 0 sun ƙare a 7. Idan fayil ya ce turke na 1, manhajata sai ta je gida mai lamba 1, wanda turke na biyu ne ke ciki. Ya ce na 5, ta ɗauko na shida. Ya ce na 8, ta je ta tarar babu gida mai wannan lamba, ta dawo hannu rabbana ta yi shiru.

Ku kwatanta maginin nan da yaronsa. Maigida yana ƙirga turaku daga ɗaya, yaro yana ƙirgawa daga sifili, kuma babu wanda ya gaya wa wani. Kowane turke yana nan daidai inda aka kafa shi, ba wanda ya gusa. Igiyoyin ne kowace ta tafi wajen maƙwabcin wanda aka ambata. Yaro bai yi ganganci ba, bai yi lalaci ba, abin da ya ji shi ya yi, amma ɗakin da za a gina a kan wannan harsashi ko akuya ba za ta kwana a ciki ba. Washegari da aka yi caji na ƙara abu biyu a layi ɗaya: alamar ɗebewa da lamba 1. Ƙayoyi suka ɓace.

Ƙanwata ta Tudun Wada, ki lura da nan. Kwana biyu na kashe a kan haruffa biyu, kuma ina aji biyu a jami'a ina karantar fannin. Rashin kai bai shigo ciki ba. Lokacin da nake ta canza abubuwa barkatai ban matsa ko taku ɗaya ba. Na fara matsawa ne ranar da na daina tambayar "me ya sa ta ƙi" na koma tambayar "wace lamba nake sa ran gani a nan, wace kuma na gani". Wannan tambayar ko a wayar yayanki za ki iya yin ta, ko ma a bayan littafin lissafi.

Sauran kwarin ba su wahalar da ni haka ba. Rumbu ya fito da siffarsa, amma bangon duk huji ne masu kama da haƙoran zarto, ana hango ciki. Na koma wa ƙwayar ludo. Fuska shida, kowace murabba'i ce da sai an raba ta biyu, ke nan alwatika 12 ya kamata a samu. Na ce manhaja ta ƙirga, ta ce 6. Ku sake duba layin f ɗin can na sama, za ku ga kusurwa huɗu ne a ciki, ni kuma ukun farko kawai nake ɗauka in watsar da ta huɗu. Magani shi ne a fitar da alwatika biyu: kusurwa ta farko da ta biyu da ta uku, sannan ta farko da ta uku da ta huɗu. Bayan wannan sai bangon baya ya riƙa fitowa a kan na gaba, saboda kwamfuta duk abin da ta zana a ƙarshe shi take ɗorawa a sama, sai an ce mata ta riƙa tuna nisan kowane ɗigo daga mai kallo. Dabarar tana cikin kundin digirin Edwin Catmull na 1974, mutumin da daga baya ya shugabanci Pixar, kuma a WebGL, wato hanyar da burauza ke bi ta yi irin wannan zane, a kashe take zuwa sai ka kunna ta da layi ɗaya. Minti goma ya ɗauke ni.

Abu ɗaya ya rage. Tun da siffar ta fito a kwance rumbun yake, tsinin jinkarsa yana kallona, kamar iskar farkon damina ta kayar da shi. A Blender z ne sama, ni kuma kyamarata y ta ɗauka sama. Blender tana da wurin da ake daidaita wannan yayin fitar da fayil, ni ne na taɓa shi garin ɗanɗane-ɗanɗanena. Kwana ya ƙure, sai na bi gajeriyar hanya: na ce wa mai karatu ya riƙa sa y a gurbin z, z kuma a gurbin y. Rumbu ya miƙe tsaye. Na lura tagar ta koma baya, sai na juya shi ta dawo gaba, ban kawo komai a raina ba.

Daren da zan koma Kano na kai wa Iya. Ta sa aka miƙo mata tabarau, ta ce in juya, na juya, ta ce in ƙara. Ta daɗe ba ta ce komai ba. Can ta ce, "Ya yi kyau, Maigida. Amma wannan ba na Malam ba ne." Na ce Iya da tef fa na auna, ko inci ɗaya ban kuskure ba. Ta ce, "Malam bahago ne. Da ya zo manna matakan nan, a hagun taga ya sa su, har maƙwabta suna yi masa tsiya. Naka a dama suke."

Na ɗauki tocila na fita tsakar gida. A hagu suke. Na buɗe Blender, a hagu suke. A manhajata ne kawai suka koma dama. Musayar y da z da na yi ba juya rumbun ta yi ba, madubi ta sa masa. Idan ka musanya biyu daga cikin x da y da z, abu yakan koma kamar yadda hannun dama ke zama na hagu a madubi. In juyi na gaskiya kake so, bayan ka musanya sai ka sa wa ɗaya daga cikinsu alamar ɗebewa. Da yake rumbu kewayayye ne, madubi bai nuna a jikinsa ba. Ƙwayar ludo tawa ma ba ta kama shi ba, don ban sa mata ɗigo-ɗigon lamba ba, kowace fuska kamar 'yar'uwarta. Da na kai wa malam a haka, da ya karɓa bai san komai ba, tunda bai taɓa ganin rumbun ba. Tagar da ta koma baya ita ce shaida, kuma na gan ta na kau da kai saboda ina sauri. Na ƙara alamar ɗebewa guda, taga ta dawo gaba da kanta, matakai suka koma hagu. Iya ta sake dubawa, ta cire tabarau ta ce in kashe kada batir ya ƙare. Na miƙa aikin a kan lokaci, maki bai fito ba tukuna. Rumbun kuma yana nan har a gama girbi.

In Allah ya kai mu hutu mai zuwa, duwatsun Riruwai nake son gwadawa, can hedkwatar Doguwa inda aka daɗe ana haƙar kuza. Ba sai na hau da tef ɗin Gwaggo ba. A watan Fabrairun 2000 kumbon Endeavour na hukumar NASA ya yi kwana 11 yana zagaya duniya yana auna tudu da kwarin ƙasa da na'urar rada, kuma bayanan suna intanet kyauta, awo ɗaya a kusan kowace mita 30. Kowane awo turke ne, saura a ja igiya. Yankin Dajin Falgore yana ciki, haka ma yankin madatsar ruwan Tiga a Bebeji, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako. Amma a irin wannan aiki arewa takan koma kudu ba tare da allo ya yi baƙi ba, don haka zan bukaci ɗan Doguwa ko 'yar Doguwa da suka san wane dutse ne ke wane ɓangare na gari. Mai sha'awa ya aiko da saƙo.

Kafin nan ga aikin wannan mako, kuma ba ya bukatar caji. Fayil ɗin da ke ƙasa cikakkiyar murabba'i ya kamata ya zana, amma na saka masa kwaro ɗaya da gangan:

v 0 0 0
v 2 0 0
v 2 2 0
v 0 2 0
f 1 2 3
f 1 2 4

Ku ɗauki takardar garaf, ku manta da z tunda duk sifili ne, ku kafa turaku huɗun, ku ja igiyoyin kamar yadda layukan f suka ce, ku shafe da fensir. Ina ne ya zauna babu launi? Wace lamba ɗaya za a canza, kuma zuwa me? Ku aiko da amsa tare da sunan makarantarku. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.